Ciwon Sanyi na Gonoriya da Sa Ido a Kansa: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawa Mazauna Legas

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Alaba Rago da Apapa duk lokacin da zancen ciwon sanyi ya taso, wanda galibi cikin raɗa ake yin sa. Amsoshin ba sa maye gurbin ganin likita.

1. Mece ce gonoriya, kuma ita ce ake kira ciwon sanyi?

Gonoriya cuta ce da ake ɗauka ta hanyar jima'i, kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Neisseria gonorrhoeae ce take haddasa ta. Wani likita Bajamushe, Albert Neisser, shi ya gano ƙwayar a 1879. Tana zama a wurare masu laima na jiki, wato hanyar fitsari, bakin mahaifa, dubura, maƙogwaro da ido.

A Hausa ana kiranta ciwon sanyi, sai dai wannan suna ya yi faɗi da yawa. Ƙaiƙayin gaba, fitar farin ruwa, zafin fitsari, ciwon mara, har da raunin namiji, duk an tara su a cikin kalmar “sanyi”, alhali kuwa kowannensu da abin da yake kawo shi da kuma maganinsa. Wasu ma ba ta hanyar saduwa ake samun su ba. Wannan cakuɗa suna ita ce tushen yawancin kurakuran da za a gani a tambaya ta 10 da ta 11, domin wanda bai san sunan ciwonsa ba da wuya ya dace da maganinsa.

2. Gaskiya ne ana ɗaukarta a ban-ɗaki?

A'a. Ƙwayar ba ta da juriya a wajen jikin mutum, da zarar ta bushe sai ta mutu. Saboda haka masan haya na gidan mutane da yawa, ko buta, ko kujerar mota, ba su ne hanyarta ba. Ana ɗaukarta ta saduwa ba tare da kwaroron roba ba, ta gaba ko ta dubura ko ta baki, kuma uwa tana iya shafa wa jaririnta a lokacin haihuwa. Zancen “sanyin masai” ya samu karɓuwa ne domin yana rufa wa kowa asiri, amma illarsa ita ce yana sa a yi wa mutum ɗaya magani a bar na biyun, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 12.

3. Waɗanne alamomi ne mutum zai gani?

A wajen namiji, alamun sukan fito tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan saduwa, galibi a cikin makon farko: zafi mai tsanani wajen fitsari, da fitar mugunya fara ko rawaya ko mai ɗan kore daga mazakuta, wani lokaci da kumburi da ciwo a maraina ɗaya.

A wajen mace lamarin ya sha bamban, domin mata da yawa ba sa ganin komai ko kaɗan. Wadda ta gani, takan lura da sauyin ruwan da ke fita daga gabanta, ko zafin fitsari, ko ciwon mara, ko ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada ko bayan saduwa. Idan cutar tana maƙogwaro ko dubura kuwa, sau da yawa shiru take yi ga maza da mata baki ɗaya. Mai ɗauke da ita ba tare da alama ba shi ma yana yaɗa ta.

4. Da gaske ne cutar tana ƙaruwa?

A ƙasashen da suke gwada mutane suna rubuta sakamakon, an ga hauhawa a sarari. A Ingila an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 85,000 a 2023, adadi mafi yawa tun da aka fara ajiye lissafinta a 1918. A ƙasashen Tarayyar Turai adadin ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 a 2022 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabace ta, ya kuma ci gaba da hawa a 2023. A Amurka ya haura 700,000 a 2021 kafin ya ɗan sauka a shekarun da suka biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabon kamu miliyan 82.4 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, kuma yankin Afirka yana cikin inda cutar ta fi yin katutu.

Wani ɓangare na wannan hauhawa ya samo asali ne daga ƙaruwar gwaji, domin wanda ya ƙara tona ƙasa dole ya ƙara ganin abin da ke binne. Amma gwaji kaɗai bai isa ya bayyana ta duka ba. Amfani da kwaroron roba ya ragu tun da magungunan ƙanjamau suka rage tsoron da ake yi mata, wayar hannu ta sauƙaƙa haɗuwar baƙi da baƙi, sannan ita kanta ƙwayar tana ƙara taurin kai ga magani.

5. Me ya sa ba a jin irin waɗannan alƙaluma game da Legas?

Dalili na farko shi ne yadda ake yin maganin. A yawancin ƙananan asibitocin Najeriya, kamar sauran ƙasashe masu ƙarancin ɗakunan gwaji, ana bin tsarin magani bisa alamomi: namiji ya zo da fitar mugunya, a ba shi maganin da zai kashe gonoriya da ’yar uwarta kilamidiya tare, a ranar, ba tare da an jira sakamakon awo ba. Tsari ne mai amfani, domin mai tura baro ko ɗan acaɓa da aka ce ya dawo jibi da wuya ya dawo. Sai dai abin da za a rubuta a littafin asibiti shi ne alamar da aka gani, ba sunan ƙwayar ba, kuma macen da ba ta da alama ba za ta taɓa shiga wannan littafi ba.

Dalili na biyu ya fi na farko girma. Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa taka ƙofar asibiti: kemis suke zuwa, ko wurin mai maganin gargajiya, ko su tambayi abokin da ya taɓa yi. Ga kuma yanayin zamanmu a Ikko. Direban tanka yakan kwashe makonni a layin Apapa, ɗan ci-rani yakan shekara bai ga iyalinsa ba, mai fataucin shanu yana Oko-Oba yau, mako mai zuwa yana Arewa. Mutum yana iya ɗaukar cutar a Legas, ya sha kafso a hanya, ta bayyana a jikin matarsa a Katsina ko Maraɗi bayan watanni, ba tare da an lissafa ko ɗayansu a ko'ina ba. A ganin mai wannan rubutu, shirun alƙaluma bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba, musamman a birni mai cunkoso da shige da fice irin wannan.

6. Me ake nufi da sa ido kan cututtuka, kuma wa yake yin sa?

Sa ido shi ne tattara bayanan cuta a kai a kai, a nazarce su, a yi aiki da su. Game da cututtukan jima'i, aikin ya haɗa da ƙidaya waɗanda suka zo asibiti, da auna wani rukuni na jama'a don a san yawan masu ɗauke da cutar ko da ba su da alama, da bincika ƙwayoyin da suke haddasa kowace alama, da kuma gwada ko magungunan da ake bayarwa suna ci har yanzu.

A Najeriya bayanai suna tashi ne daga asibiti zuwa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ke Alausa a Ikeja, sannan zuwa hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda aka kafa a 2011 aka kuma ba ta cikakken ikon doka a 2018. Cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin Lassa nan take ake kai rahotonsu, su kuwa cututtukan jima'i jimilla ake haɗawa wata-wata. Legas ta nuna a 2014 cewa ta iya bin sawun cuta idan ta sa kanta, lokacin da Ebola ta shigo a watan Yuli, aka bi diddigin ɗaruruwan mutane, har aka ayyana ƙasar ta rabu da ita a watan Oktoba. Ƙanjamau ma tana da hukumarta ta ƙasa, NACA, da ta jiha, LSACA, kuma babban binciken gida-gida na 2018 ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ita. Gonoriya ba ta kwantar da mutum a gadon asibiti a makon farko, ba ta kuma tayar da hankalin gari, shi ya sa ba ta samun irin wannan kulawa.

7. Idan na je asibiti, za a kai sunana wurin hukuma?

Rahoton wata-wata da aka ambata a tambaya ta 6 adadi ne kawai: mutum nawa, maza nawa, mata nawa, masu wane rukunin shekaru. Suna da adireshi suna zama a katin mara lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin abin da ke cikinsa. Wanda yake jin nauyin asibitin unguwarsu saboda idon sani yana iya zuwa na wata unguwa.

8. Wane irin gwaji ake yi?

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce a ɗebi mugunyar a shafa a gilashi a duba ta da madubin likita, kuma wannan tana aiki sosai ga namiji mai alama, amma takan kuskure cutar a jikin mace. Ta biyu ita ce gwajin da ke neman ƙwayar halittar bakteriyar a cikin fitsari ko a ruwan da aka goge da auduga. Ita ta fi kowace ganowa, ita kuma ta fi tsada, kuma ana son farkon fitsari daga wanda ya yi aƙalla awa ɗaya bai kama ruwa ba. Ta uku ita ce a shuka ƙwayar a rene ta a ɗakin gwaji, kuma da ita ake sanin maganin da yake cinta da wanda ta bijire wa, abin da ya sa ta zama ƙashin bayan sa ido kan matsalar da ke tambaya ta 10.

Akwai abu biyu da suke ruɗa mutane. Gwajin jini na ƙanjamau ko tunjere ba ya nuna gonoriya, saboda haka takardar “jini lafiya” ba ta wanke kowa daga gare ta ba. Sannan sakamakon nan da ya zama ruwan dare a Legas, wanda ake ce wa mutum yana da “istaf”, ba gonoriya ba ne. Istaf ƙwaya ce da ke zaune a fatar mutane masu lafiya da yawa, tana iya shiga samfuri tun wajen ɗiba, ita kuwa ƙwayar gonoriya idan ba a tanadar mata abincinta na musamman ba sai ta mutu kafin a gan ta.

9. Mene ne maganinta?

Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawara a yanzu shi ne allura ɗaya ta seftiriyazon, wanda ake rubutawa ceftriaxone a jikin kwalba. Idan ba a tabbatar babu kilamidiya ba, akan haɗa da doksisaikilin na kwana 7, sai dai mai juna biyu, wadda ake sauya mata da azitiromaisin. Likita ne zai yanke adadin da ya dace. Bayan magani a ƙaurace wa saduwa har kwana 7, kuma sai abokin zama shi ma ya kammala nasa. Idan alamun ba su gushe ba bayan ’yan kwanaki, a koma asibitin da aka fara zuwa maimakon a sauya wuri, domin irin wannan dawowa ce take sanar da likitoci cewa magani ya fara gazawa. Yana da kyau a sake gwaji bayan wata 3.

10. Kafson da nake saya a kemis yana tsayar da shi. Me ya sa za a ce bai isa ba?

Tsayawar mugunya daban, mutuwar ƙwaya daban. Maganin da bai dace ba, ko wanda aka sha rabi, ko na jabu, yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu ƙarfi, su yi lamo su hayayyafa. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Tarihin wannan cuta tarihi ne na cinye magunguna ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1930 an yi ta da magungunan salfa, ba a jima ba suka daina ci. Penisilin ya karɓa a shekarun 1940 ya yi aiki na tsawon lokaci, har zuwa 1976 da aka gano nau'in ƙwayar da ke narkar da shi, wanda aka alaƙanta da Afirka ta Yamma da Kudu maso Gabashin Asiya. Tetrasaikilin, wato kafson nan ja da rawaya, shi ma ya bi sahu. Sifiro, wato ciprofloxacin, ya yi tashe, amma tun 2007 Amurka ta cire shi daga jerin magungunan gonoriya. Saura seftiriyazon, shi ma a 2009 aka samu nau'in da ya bijire masa a Japan, kuma a 2018 aka samu wani mutum a Ingila da cutarsa ta ƙi jin seftiriyazon da azitiromaisin a lokaci guda. An gwada sababbin magunguna biyu na sha, zoliflodacin da gepotidacin, sun kuma nuna nasara, amma duk maganin da aka saki a kasuwa ba ƙaidi, ƙarshensa ɗaya ne da na magabatansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri na musamman na bibiyar wannan bijirewa, kuma Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2017. Sai dai duk waɗannan shirye-shirye da samfuri suke aiki, kuma samfuri ba ya fitowa daga kantar kemis.

11. Maganin gargajiya na sanyi fa?

Babu jiƙo ko gari ko tsimi da aka tabbatar yana kashe wannan ƙwaya. Alamun namiji sukan lafa da kansu bayan makonni ko da bai sha komai ba, sai a yaba wa mai maganin da ke shela da lasifika a bakin kasuwa, alhali cutar ta ƙara nutsawa ciki ne. Matsi da turare a gaban mace kuwa suna iya ƙara mata rauni a wurin.

12. Dole ne iyalina su ma su sha magani, ko da ba su da wata alama?

Dole ne. Duk wanda aka sadu da shi a cikin kwana 60 kafin bayyanar ciwon yana buƙatar gwaji da magani. A gidan da ke da mata biyu ko fiye, maigida da uwargida da amarya duk a lokaci ɗaya za a yi musu, in ba haka ba ana tufka ana warwara ne, domin warkewa daga gonoriya ba ta hana a sake kamuwa da ita washegari. Wanda iyalinsa suke Arewa kada ya jira sai ya je hutun Sallah, kuma kada ya aika da ragowar maganinsa ta hannun direba. Ya sanar da su su je asibiti, su faɗi sunan cutar.

Faɗin shi ne wuyar. Yana taimakawa ma'aurata su san cewa cutar tana iya zama a jiki na tsawon watanni ba alama, saboda haka ranar da ta bayyana ba ita ke nuna ranar da ta shigo ba, kuma ba hujja ba ce ta ɗora wa mace laifi. Ma'aikatan lafiya suna iya zama da mata da miji su yi musu bayani tare. Macen da take tsoron duka ko saki idan ta yi magana ta gaya wa ma'aikaciyar jinya tun farko, domin a nemi hanyar da ba za ta cutu ba.

13. Me zai faru idan aka bar ta ba magani?

A jikin mace ƙwayar tana hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai yake bi, ta kumbura shi ta bar masa tabo. Daga nan ake samun ciwon mara da ba ya jin magani, da cikin da ke zama a wajen mahaifa wanda yake iya fashewa ya yi kisa, da toshewar bututun gaba ɗaya. Mata da yawa da ake gorantawa kan rashin haihuwa, ko ake yi wa kishiya a kansa, asalin matsalarsu ciwon da aka kawo musu ne ba su sani ba. Namiji kuwa yana iya samun kumburin maraina, ko ƙuntatar hanyar fitsari bayan shekaru. A wasu lokuta ƙwayar takan shiga jini ta kama gaɓoɓi da fata, kuma kasancewarta a jiki yana sauƙaƙa ɗaukar ƙanjamau da yaɗa ta.

Jaririn da ya shafo ta wajen haihuwa, idanunsa sukan kumbura su riƙa zubar da mugunya tsakanin kwana 2 zuwa 5. Wannan ba ciwon da za a ɗiga wa nono ko a sa wa kwalli a jira suna ba ne, domin yana iya makantar da yaro cikin ’yan kwanaki. A kai shi asibiti a ranar, a kuma duba iyayensa biyu.

14. Akwai rigakafi?

Kamewa da tsayawa ga abokin zama wanda shi ma ya tsaya su ne kariya mafi ƙarfi, sai kwaroron roba idan aka yi amfani da shi daga farko har ƙarshe. Wanka ko tsarki ko yin fitsari bayan saduwa ba sa hana kamuwa, haka nan shan kafso kafin saduwa, wanda ma yake ƙara rura matsalar tambaya ta 10. Masu shirin aure su lura cewa gwajin da aka saba yi kafin ɗaurin aure na jini ne, sai an nemi na gonoriya daban.

Babu allurar rigakafin da aka ƙera domin gonoriya kanta. Amma ƙwayarta dangi ce ga wadda ke kawo sanƙarau, kuma an lura cewa wata allurar sanƙarau nau'in B tana rage kamuwa da kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100. A kan haka Ingila ta fara ba da ita a 2025 ga waɗanda suka fi shiga haɗari. Wannan allura daban take da waɗanda ake yi a Arewa lokacin sanƙarau.

15. Ina ya kamata in je a Legas, kuma me zan faɗa?

Cibiyar lafiya matakin farko ta unguwa ko babban asibitin gwamnati mafi kusa sun isa a fara da su. Idan ciwon ya ƙi jin magani, ko ana buƙatar a shuka ƙwayar, akan tura mutum asibitocin koyarwa, wato LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja, kuma cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, tana Yaba. Wadda aka yi wa fyaɗe ta garzaya cikin awa 72 domin a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau tare da na sauran cututtukan, kuma cibiyar Mirabel da ke cikin LASUTH domin irin wannan aka buɗe ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaya wa likita ranar da alamun suka fara, da ranar saduwa ta ƙarshe, da ta wace hanya aka yi ta domin ya san inda zai ɗebi samfuri, da ko akwai juna biyu, da ko wani magani ya taɓa yi wa mutum illa. Wanda Turanci ko Yarbanci yake ba shi wuya ya nemi ma'aikacin da ke jin Hausa, ko ya tafi da wanda ya amince da riƙon sirrinsa. Duk maganin da aka riga aka sha, na kemis ne ko na gargajiya, a tafi da kwalinsa ko kwalbarsa, domin yana iya ɓoye ƙwayar daga gwaji.